Ja Huɗu a Kan Farar Takarda

Doka ta farko da aka gaya mini a ajin rubutun buroshi ita ce ba a komawa kan layi. In ka ja shi ya fito a karkace, ko tawada ta yanke maka a tsakiya, haka zai zauna. Yaran firamare ma a Japan sun san wannan, domin tun daga aji uku ake ba su buroshi, kuma malamansu da kallo ɗaya suke gane layin da aka maimaita: tawada ta biyu tana kwanciya a kan ta farko, gefen layin ya yi dauɗa, in aka ɗaga takardar ga haske asiri ya tonu. Nidogaki suke kiran wannan laifi. Sauran abubuwan da na koya daga baya duk a kan wannan dokar suka hau.

Karatu ne ya kai ni Kiyoto, kuma na shiga ajin ne don in samu inda zan riƙa jin Japananci ban da na ɗakin bincike. Ɗaki ne guda a saman wani shago, da tabarmin tatami da gajerun tebura. Malamar tsohuwa ce mai ƙaramar murya, kowa na ce mata sensei. Yawancin ɗalibanta sun haife ni: dattijai 'yan fansho, matan aure, sai wata ma'aikaciyar jinya da kan zo kai tsaye daga aikin dare. Tun ranar farko na shaida wa malamar cewa ni Musulmi ne, ba zan kwafi nassin addinin Buda ba, don na san kwafar irin waɗannan nassoshi ibada ce da ake yi a haikalai da dama na garin. Ta ce wannan wani fanni ne daban, ita rubutu take koyarwa, kuma ko an cire nassoshin, abin kwafa ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Kayan aikin huɗu ne: buroshi, tawada, dutsen niƙa tawada da takarda. Sai baƙin bargo da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi, da wani ƙarfe dogo na danne takardar. Buroshina na farko ɗan Kumano ne, wani ƙaramin gari a yankin Hiroshima inda mafi yawan buroshin ƙasar ke fitowa, an haɗa masa gashin doki don tsauri da na akuya don shan tawada. Takardar gwaji, hanshi, faɗinta wajen santimita 24, tsawonta 33, shara-shara, kuma bandir-bandir ake sayenta don an san ba ta kwana. Tawadar kuwa busasshiyar sanda ce daga Nara, garin da ke yin kusan duka sandunan tawadar Japan. Akwai gidan Kobaien a can da ke wannan sana'a tun 1577. Fitilun mai suke kunnawa a rufaffen ɗaki, su kankare baƙin hayaƙin da ya taru a murfin da ke bisa harshen wutar, su kwaɓa shi da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, su tattake da ƙafa, su danna cikin mazubin katako, a busar a hankali cikin toka, sannan a rataye. Da sanyi kaɗai ake yi, saboda da zafi danƙon ruɓewa yake. Wanda duk ya yi makarantar allo zai gane dabarar nan take, baƙin hayaƙi ne da abin da zai riƙe shi, yadda muke haɗa baƙin tukunya da ƙaro. Sai dai mu ana wanke allo a sake, wannan kuwa in ta bushe a takarda ko ruwa ba ya ɗaga ta.

Akwai tawadar kwalba da aka riga aka dama, yara ita suke kai wa makaranta, amma a ajinmu sai ka niƙa. Kana ɗiga ruwa kaɗan a kan tudun dutsen, ka riƙe sandar ka yi ta gogawa, in ya yi kauri ka tura shi cikin kwarin dutsen, ka ƙara ɗigo. Ba a dannawa. Japanawa na da karin magana cewa tawada a ba yaro ya niƙa, buroshi a ba dodo ya riƙe. In ka danna, ƙwayar baƙin takan fito da tsakuwa-tsakuwa, layin ya yi gautsi. Ana cikin gogawar wani ƙamshi mai kama da kafur yakan tashi, wanda masu yin sandar ke sakawa don ya danne warin danƙon. Minti goma sha biyar zuwa ashirin kan tafi a nan, kuma ba wanda ke magana. Masu tallar ajujuwan 'yan yawon buɗe ido wannan ɓangaren suke ɗauka a hoto su ce rubutun buroshi hutun zuciya ne. Gaskiya ne, amma iyakar hutun ke nan.

Watannin farko layi ɗaya na yi ta ja, daga hagu zuwa dama. Buroshi a tsaye cak, gwiwar hannu ba ta taɓa tebur, tafin hagu a kan takarda. Kowane layi gaɓa uku ne, shiga, tafiya, tsayawa, kuma malamar takan raka hannunka da baki: ton, suu, ton. Hannuna ya saba da biro da alƙalami, inda yatsu da wuyan hannu ke yin komai. Buroshi ba ya jin maganar yatsu, daga kafaɗa yake son umarni. Bayan layin sai harafin ei, wanda magabatan malamai suka ce ya tattara motsi takwas na asali, sannan aka ba ni littafin kwafa: rubutun da Ouyang Xun, wanda Japanawa ke kira Oyo Jun, ya yi a kan wani dutse a ƙasar Sin a 632. Rubutu ne mai tsanani, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ka kauce da kaurin gashi guda, harafin ya gurgunce.

In ka gama sai ka kai takardarka teburin malamar ka durƙusa. Tana da buroshi da jar tawada mai ruwan lemo, da ita take bin layinka tana nuna inda ya kamata ya bi, in wuri ya yi kyau ta zagaye shi. Takarduna kullum a wuri ɗaya jan yake taruwa, ƙarshen layi.

Wata rana ta ajiye buroshin ta ce, "Shigarka tana da ƙarfi. Amma kana barin layin tun bai ƙare ba. Hannunka yana nan, kai ka riga ka tafi na gaba."

Na ce, "Sensei, to in rage sauri?"

Ta ce, "Ba sauri ba ne. Akwai masu gudu da ke kaiwa ƙarshe. Ƙara wata takardar."

Wannan ƙara wata takardar, mo ichimai, ita ce kalmar da aka fi faɗa a ɗakin. Abin da ya tsaya mini shi ne matar ba ta san komai game da ni ba, ba ta san tarin abubuwan da na fara da zafi na bari a rataye ba, amma ta karanto halin a kan takardar da ba ta kai kuɗin alawa ba. Ban ɗauki wannan a matsayin duba ko wani sirri ba. Gashin buroshi laushi gare shi, kowane ɗan canji na nauyi da sauri yana bayyana a layin, kuma takardar tana shan tawada nan take. Wanda ya shekara hamsin yana kallon layukan mutane dole ya san hannun da ke ɗari-ɗari, da mai son a gani, da mai gudun ƙarshe.

Na taɓa kawo mata ƙorafi a kan dokar rashin komawa, da na ga hoton wani rubutu cike da gogewa da karce a littafin da ke kan kantarta. Na Yan Zhenqing ne, Gan Shinkei a bakin Japanawa, babban jami'i a daular Tang ta ƙasar Sin. A 758 ya zauna rubuta daftarin ta'aziyyar ɗan ɗan'uwansa da aka kashe a tawayen An Lushan, wanda kansa kaɗai aka samo. Rubutun ya fara a natse, yana tafiya yana rikicewa, tawada na bushewa a buroshi bai tsaya ƙarawa ba, ya soke kalmomi ya rubuta wasu a gefe, can ƙarshe haruffan sun kusa fita daga hayyacinsu. Wannan daftari yana cikin rubuce-rubucen da aka fi girmamawa a duk tarihin fannin, kuma da aka aro shi daga gidan tarihi na Taipei aka nuna a Tokiyo a farkon 2019, mutane sun yi dogon layi don su gan shi. Na ce ga shi shi ma ya koma. Ta ce ya soke a fili, kowa ya ga ya soke. Abin da aka hana shi ne ka lallaɓa ka shafe rauni ka nuna kamar da ma haka ka ja.

Daga nan ne ta fara nuna mini aikin mutanen da suka zo bayan yaƙin duniya na biyu, kuma nan ne abin ya kama ni da gaske. A 1945 Hidai Nankoku ya ɗauki wani tsohon fasalin harafin walƙiya ya juya shi har ya daina karantuwa. A 1951 Ueda Sokyu ya kai wani aiki babban baje kolin Nitten da sunan ƙauna, alhali abin da ke takardar bai yi kama da harafin ƙauna ba, ya ce jikansa mai rarrafe ya gani ya rubuta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A watan Janairun 1952 matasa biyar, cikinsu da Morita Shiryu da Inoue Yuichi, suka haɗu a haikalin Ryoan-ji da ke nan Kiyoto suka kafa ƙungiyar Bokujinkai, suka juya wa tsarin manyan malamai da gasa da lambobin yabo baya. Mujallar Morita, Bokubi, da aikin mai zanen Amurka Franz Kline ta buɗe bangonta na farko a 1951. Su da masu zanen Turai da Amurka sun yi ta leƙen juna a shekarun nan.

Inoue ne ya hana ni barci. Malamin makaranta ne duk tsawon rayuwar aikinsa, an haife shi a 1916, ya rasu a 1985. Daren 10 ga Maris 1945, da jiragen Amurka suka yi wa Tokiyo ruwan bama-baman wuta, mutum wajen 100,000 suka mutu, shi ke kwanan gadi a makarantar Yokokawa inda yake koyarwa. Jama'ar unguwa sun gudo cikin ginin neman tsira, wuta ta cim musu a ciki, kimanin 1,000 suka halaka. Shi ma cikin gawarwaki aka tsince shi a sume, daga baya ya farfaɗo. Sai a 1978 ya iya rubuta abin da ya gani, a wata babbar takarda da haruffa ke hawa kan juna, wasu an soke, tawada ta fantsama ko'ina. Tsakanin nan ya yi shekaru kusan talatin yana komawa kan harafi guda, na talauci, yana shimfiɗa takarda a ƙasa, ya taka ta da ƙafa, ya ja ƙaton buroshi da dukan jikinsa, mafi yawan abin da ya rubuta kuma ya hallaka shi da kansa. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa rubutun buroshi shaƙatawa ce ba.

A shekara ta biyu malamar ta ce zan saka aiki a nunin ɗalibanta, harafi ɗaya a kan cikakkiyar takarda, santimita 70 a 136 ko kusa da haka. Sharaɗinta ɗaya: kada in zaɓi kalma don tana da daɗin ji. Ta gaji da mafarki da zuciya da zaman lafiya. In zaɓi abin da jikina ya sani. Na zaɓi rijiya, 井, domin ina yaro na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta, kuma har yau ina ganin itatuwan bakin rijiyar gidan kakata da kwarin da igiya ta ci a jikinsu. Ja huɗu ne kacal: biyu a kwance, ɗaya mai gangarowa hagu, ɗaya a tsaye, da farin fili a tsakiya. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta ce na zaɓi harafin da ba shi da wurin ɓuya.

Matakin farko ƙamus ne, irin wanda ke jera yadda marubutan zamani daban-daban suka rubuta kowane harafi, tun daga rubutun da aka sassaƙa a kan ƙashi da tagulla. Na yi ta kwafarsu a ƙananan takardu, sannan na rufe littafin na fara neman nawa. Sai batun tawada. Babbar takarda kwano guda take sha, niƙa shi da hannu aikin sa'o'i ne, shi ya sa ajin ke da injin da ke riƙe sandar yana goga ta a hankali. Na zaɓi tawada mai ruwa-ruwa ta hayaƙin itacen matsu, wadda in an tsarma ta takan ba da toka-toka mai ɗan shuɗi.

Wannan tawadar tana da wani hali da sai da na gani da idona na yarda. In ka ja layi, ainihin sawun buroshin yakan tsaya da duhunsa, sai ruwan da danƙon su yi ta tsiyaya gefe-gefe suna yin wata inuwa mai haske kewaye da shi. Nijimi ake ce wa wannan. To in layi na biyu ya zo ya ratsa na farko, wurin da danƙon ya riga ya shiga ba ya karɓar sabuwar tawada sosai. Sakamakon haka, in takardar ta bushe, layin da aka fara ja shi ne yake fitowa a sama, na baya ya koma kamar ta ƙarƙashi ya bi. Harafina mahaɗa huɗu gare shi, kuma a kowace ana iya ganin wanda ya riga wani, har da tsawon jinkirin da na yi tsakaninsu. In na tsaya tunani kafin ja na uku, inuwar na farko ta riga ta bazu, mahaɗar ta nuna. In buroshin ya fara bushewa kuwa, gashin yakan rarrabu ya bar zare-zaren fari a cikin layin, kasure ke nan, kuma ba a iya ƙirƙirarsa da gangan ba tare da an gane ba.

Ɗakin ajin ya yi kaɗan, don haka muka riƙa kama wani zauren unguwa a ƙarshen mako. A shimfiɗa bargo a ƙasa, a jera tsofaffin jaridu a gefe don shanya, a tuɓe safa. Buroshin na gashin akuya ne zalla, dogo, in ya sha tawada nauyinsa ya ninka, kuma ba shi da tsaurin da zai dawo da kansa, sai yadda ka juya shi. Kana tsaye ka raba ƙafa a kan takardar, ka sunkuya, ka ja da ƙugu da gwiwa. Duk rubutun bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba. In ka yi nauyi takardar da ta jiƙe ta yage, in ka yi sanyi layin ya mutu. Lokacin damina ne na Yuni da Yuli, iska cike da laima, takarda ba ta bushewa da wuri, inuwar tawadar kuma tana bazuwa fiye da yadda ka yi niyya.

Na farko-farko tsoro ne a cikinsu, harafin ya takure a tsakiya. Da tsoron ya sake ni sai na faɗa ɗaya ɓangaren, na riƙa maka buroshi a takarda tawada na fantsama har bango, ina jin ni ma na zama wani. Malamar ta zo ta tsaya a kan ɗaya daga cikinsu ta daɗe.

Ta ce, "Wannan fushin na Inoue ne. Aro ka yi. Shi ya biya kuɗinsa. Kai me ya faru da kai a bakin rijiyar nan?"

Na ce, "Ba abin da ya faru, sensei. Ruwa kawai nake ja, kullum, safe da yamma."

Ta ce, "To rubuta wannan."

Ba abin da ya fi wannan wuya, don ba shi da abin burgewa. Aiki ne mai nauyi da ake yi ba tare da hayaniya ba, kuma ba a sakin igiya a rabi. A nan ne wata doka tata ta biyu ta fara cizona. Sau da yawa tun daga ja na farko ka san takardar ta lalace, ya karkace ko ya yi tsawo, zuciyarka na cewa yaye ta ka ɗauko sabuwa. Ta hana. Duk takardar da ka fara sai ka kai ta ja na huɗu, kuma da dukan ƙarfinka, ba jan sallama ba. Da farko na ɗauka tsadar takarda ce ta sa. Daga baya na lura cewa in na farko ya kauce, dole na biyu ya amsa masa, ya matsa ko ya yi nauyi don harafin ya tsaya, kuma a irin wannan neman mafita ne wani abu mai rai ke fitowa. Takardun da komai ya tafi yadda na tsara su ne suka fi mutuwa. In akwai ƙarfin zuciya a wannan fanni, ni a nan na gan shi: ka ga ɓarnar da ka yi a gabanka, ba halin gogewa, ba halin gudu, ka ci gaba da ja kamar takardar za ta tsira.

Ma'aikaciyar jinyar nan tana gefena tana fama da nata harafin, na numfashi. Ba ta cika magana ba. Wata rana ta zo daga aiki idanunta jajur, ta rubuta takarda ɗaya ta zauna ta jingina da bango ba ta ƙara ba. Ba wanda ya tambaye ta abin da ya faru a asibiti. Wannan takardar ce ta shiga nunin, kuma ita ce aikin da ya fi kowanne a zauren, a ganina.

Mutane na zaton duban kai yana faruwa ne lokacin da ake rubutun. A'a. Lokacin rubutu ba ka da sararin tunanin komai, daƙiƙoƙi ne. Ranar zaɓe ce ranar hisabi. Ba a zaɓa a ranar da aka rubuta, sai zafin ya huce. Bayan mako muka manna waɗanda suka tsallake tacewar farko a bango da maganaɗisu, muka ja da baya. Ganinsu a jere ya fi madubi rashin kunya. Ga wadda na yi don in burge malama. Ga wadda na yi bayan na sha faɗa a ɗakin bincike, layukan sun yi tsini. Ga ta ranar da na gaji har na daina damuwa. Ja na huɗu, mai tsaye, a yawancinsu har yanzu yana sirancewa kafin ya kai ƙasa, halin nan dai na barin layi, ya biyo ni daga ƙaramar takarda zuwa babba. Malamar ta sa aka juya wasu kai ƙasa don ido ya daina karanta harafi ya ga fasali kawai, ta ce in daina kallon baƙin in kalli farin: filin tsakiya yana numfashi ko an shaƙe shi, gefuna huɗu suna jan juna ko ɗaya ya faɗi.

Biyu suka rage. Ɗaya kyakkyawa ce, daidai wa daida, inuwar tawadar ta bazu lumui, ita nake so a gani da sunana. Ɗayar tana cikin waɗanda na so yayewa tun ja na farko: na sama ya karkata, na biyu ya yi kauri don ya tare shi, filin tsakiya ya ɗan buɗe ta dama, amma na huɗu ya sauka har ƙasa da nauyinsa, buroshin ya bushe a hanya ya bar zare-zaren fari, bai saki ba. Na roƙi malamar ta zaɓar mini, ta ƙi. Wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ce ta farkon ce, kuma ya kawo hujjoji masu kyau. Na yi kwanaki ina jujjuya abin kafin na ɗauki ta biyun, ba don na tabbata ta fi kyau ba, sai don in aka tambaye ni wa ya rubuta ta farkon, zan iya cewa kowa.

Saura hatimi. Aikin ba ya cika sai an buga jan hatimin mai shi. Na sassaƙa nawa a kan wani ɗan dutse mai laushi da wuƙar sassaƙa, harafin farko na sunana, a juye don ya fito daidai. Wurin bugawa ma shawara ce: ana yanka 'yar jar takarda daidai girman hatimin a yi ta matsar da ita a kan aikin, a ja baya a duba, domin ɗigon ja guda yana iya gyara nauyin takardar gaba ɗaya ko ya rusa shi. Nawa ya sauka ƙasa ta hagu, nesa kaɗan da ƙafar ja na uku. Shi ma sau ɗaya ake bugawa.

Daga nan sai wurin mai ɗaura takarda, sana'a ce mai zaman kanta a Kiyoto. Na kai masa takarda duk ta yamutse ta tattare inda tawada ta jiƙa ta. Ya kifa ta, ya fesa mata ruwa, hankalina ya tashi, ya bi ta da faffaɗan buroshi har ta miƙe, ya shafa wa wata takardar kunun sitacin alkama ya manna mata a baya. Ko ɗigo bai zuba ba. Da ta bushe aka ɗaura a allo, sai ga launuka a cikin tokar da ban san suna nan ba, mahaɗun nan huɗu kuma suka fito fili.

An yi nunin da kaka a wani ƙaramin zaure, yawancin masu zuwa dangin ɗalibai ne da ɗaliban wasu malamai. Muna karɓa-karɓar zama a teburin baƙi. Wasu kan tsaya a gaban nawa su karanta harafin da ƙarfi, su dubi sunan da ke ƙasa, su dube ni. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko a garinmu har yanzu ana jan ruwa da hannu, na ce ana ja, ta ce a ƙauyensu ma tana yarinya haka suke yi, muka ɓata lokaci a kan zancen guga da igiya ba mu ko taɓo rubutun ba. Dattijon jirgin ƙasan ya zo ranar ƙarshe ya taya ni sauke aikin daga bango, yana naɗe shi yana gaya mini har yanzu yana kan bakansa, ɗayar ya kamata in saka. Ragowar takardun, tari guda, malamar ta sa muka yayyanka su don goge buroshi da gwada kaurin tawada, kuma sun ishe ajin har bayan sabuwar shekara.